Gansakukar Ƙasa: Yadda Ake Gane Ta Da Amfaninta Ga Manomi

Idan ruwan farko ya sauka a ƙasar Zazzau, hankalin manomi yana komawa gona. Yana duban hadari, yana gyara iri, yana lissafin kuɗin taki. Ba kowa ne yake sunkuyawa ya dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Amma a gefen gona, da cikin saura, da gindin duwatsu, akan ga wani baƙin ɓawo shimfiɗe a kan ƙasa. Da rani yana kama da ƙanzon da ya manne a gindin tukunya. Da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya canza kama. Wannan ɓawo yana da rai. Yana kuma yi wa manomi aiki ba tare da an biya shi ko kwabo ba.

Ɓawon nan taron ƙananan halittu ne da suke zaune wuri ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ita ce gansakukar ƙasa. Ita ce za a yi bayani a kanta: yadda take, yadda ake bambanta ta da masu kama da ita, da abin da ya sa ya kamata a bar ta ta rayu.

MECE CE GANSAKUKAR ƘASA?

Bahaushe yana kiran abubuwa da yawa da sunan gansakuka. Koren da ke saman kududdufi gansakuka ne. Wanda ke jikin katanga da damina gansakuka ne. Fari-farin da ke manne a jikin itace shi ma haka ake ce masa. Amma masana ilmin tsirrai sun raba su gida gida. Gida ɗaya suna ce masa laiken. An san irinsa wajen 20,000 a duniya. Wasu suna zaune a jikin itace, wasu a kan dutse, wasu kuma a kan ƙasa.

Abin mamaki game da wannan gida shi ne, kowace ɗaya halittu biyu ne suka haɗu suka zama jiki guda. Na farko dangin funfuna ne da laimar kwaɗi. Jikinsa zare ne siriri ƙwarai, wanda ido ba ya gani. Shi ne yake gina gida, yana riƙe ruwa, yana kama ƙasa. Amma ba ya iya haɗa abinci da kansa. Na biyu wasu ƙwayoyi ne kore masu haɗa abinci da hasken rana, kamar yadda ganyen dawa yake yi. Su suna ba da abinci, shi yana ba su mafaka. Zaman cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Simon Schwendener ne ya fara bayyana haka a shekarar 1867. Da farko masana da yawa sun ƙi yarda da shi. Daga baya bincike ya tabbatar da maganarsa.

Gansakukar ƙasa ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta fure. Ba ta tsotsar abincin shuka kamar yadda wuta-wuta take yi wa dawa. Wadda ke jikin mangwaro ko darbejiya ita ma ba ta shan jinin itacen. Wurin zama kawai ta samu.

SUNANTA A WAJEN MASANA

A cikin masu zama a kan ƙasa akwai wata ƙarama, baƙa, wadda ta fi sauƙin ganewa. Ana samun ta a Turai da Asiya da Amurka da Afirka, musamman a wuraren da ƙasa take a fili kuma ruwa ba ya kwanciya. Wanda ya san kamanninta zai iya gane danginta duk inda ya gan su.

Masana suna ba kowace halitta suna biyu da harshen Latin, kamar yadda ake kiran mutum da sunansa da na gidansu. Da haka masanin Zariya da na Indiya za su san abu ɗaya suke magana a kai. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Olof Swartz ne ya fara rubuta bayanin wannan gansakuka a 1784. A 1810 wani ɗan ƙasarsu, Erik Acharius, ya sa mata suna Collema tenax. Da wannan suna aka san ta shekara da shekaru. A 2014, bayan an gwada ƙwayoyin gadonta, masana suka mai da ita wani gida. Yanzu sababbin littattafai suna kiran ta Enchylium tenax. Kalmar tenax ma'anarta mai riƙo da ƙarfi. Sunan ya dace da ita, domin aikinta ke nan a kan ƙasa.

ALAMOMI BIYAR NA GANE TA

Na ɗaya, girma. Ƙarama ce ƙwarai. Yawanci faɗinta santimita 1 zuwa 3 ne, wato daga faɗin farce zuwa faɗin marfin kwalba. Wani lokaci da yawa sukan haɗu su rufe wuri kamar tafin hannu. Sai an durƙusa ake ganin ta sosai.

Na biyu, launi. Idan ta bushe baƙa ce, a yamutse, tana da gautsi. Idan ta jiƙe sai ta koma kore mai duhu, kamar miyar kuka da ta kwana.

Na uku, kumbura. Wannan ita ce babbar alama. A ɗiga mata ruwa kaɗan, a jira 'yan mintoci. Za a ga ta kumbura ta yi taushi kamar ƙaron da aka jiƙa. Idan rana ta buga ta sai ta sake motsewa ta koma baƙa. Tana iya yin wata da watanni a bushe, duk tsawon rani da hunturu, ba ta mutu ba. Barci kawai take yi, tana jiran ruwa.

Na huɗu, siffa. Tana da 'yan kunnuwa ƙanana da suke bazuwa daga tsakiya zuwa gefe. Bakin kunnuwan yana da kauri, kuma yakan ɗan naɗe sama.

Na biyar, 'yan faya-fayai. A kan jikinta akan ga wasu 'yan zagaye masu launin jar ƙasa, kowanne da ɗan baki kewaye da shi kamar ƙaramin kasko. Girmansu bai wuce ƙwayar gero ba. A cikinsu ne funfunar take haɗa irinta, wanda ya fi ƙura ƙanƙanta. Iska da ruwa suke ɗaukarsa zuwa wani wuri. Ba kowace ce take da faya-fayan ba, amma idan an gan su to alama ta ƙara ƙarfi.

MASU KAMA DA ITA

Kama da wane ba ta wane. Akwai abubuwan da kan ruɗi mai nema.

Akwai gansakuka mai laushi kamar darduma, wadda ke fitowa a inuwa da gindin katanga. Idan aka duba ta da kyau za a ga tana da 'yan ganyaye da ɗan kara. Wannan tsiro ne sosai, gidansu daban.

Akwai wata kore shar da ke shimfiɗuwa a kan danshi a tsakiyar damina, mai rassa biyu biyu kamar sawun kaza. Ita ma tsiro ce. Ba ta kumbura kamar ƙaro.

Akwai wani abu mai santsi, kore mai duhu, da akan gani a yashe a kan ƙasa bayan ruwa. Yana kumbura kamar gansakukar ƙasa, amma ba ya manne, ba shi da kunnuwa a tsare, ba shi da faya-fayai. Ana iya ɗaga shi da yatsa ba tare da ƙasa ta biyo shi ba. Masana suna ce masa Nostoc. Shi ne ƙwayoyin nan kore da ke cikin gansakukar ƙasa, amma a nan yana zaman kansa, babu funfuna tare da shi.

Akwai kuma baƙin toka da gobarar daji take bari. Wannan idan an shafa shi yana ɓata hannu, idan an zuba ruwa yana wankewa.

ƁAWO MAI RAI DA MATACCEN ƁAWO

Manoman Samaru da Bomo da Basawa sun san wani ɓawo daban, wanda ba alheri ba ne. Ƙasar wannan yanki tana da laushi kamar gari. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,000 ko fiye, daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma sau da yawa da ƙarfi yake zuwa. Idan ɗigon ruwa ya daki ƙasar da ba ta da rufi, sai ya farfasa ta, ya toshe ƙofofin da ruwa yake bi. Rana na fitowa sai saman ya daskare kamar an yi daɓe. Iri yakan sha wuya kafin ya huda shi. Ruwan gaba kuma maimakon ya shiga ƙasa sai ya gudu, ya tafi da ƙasar sama. Masu binciken noma a Samaru sun daɗe suna nazarin wannan matsala. An kafa tashar binciken a 1922, ta koma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

To yaya za a bambanta su? Mataccen ɓawo launin ƙasar wurin gare shi, fari-fari ko ja-ja. Samansa sumul yake. Idan an zuba masa ruwa ba ya canza launi zuwa kore, narkewa yake yi ya zama taɓo. Ɓawo mai rai kuwa ya fi ƙasar wurin duhu, samansa yana da ƙyasbi, kuma yana yin kore idan ya jiƙe. Idan aka ɓamɓaro ɗan guntu aka ɗaga shi sama, za a ga ƙwayoyin ƙasa suna reto a ƙarƙashinsa, kamar an ɗinke su da zare. Mataccen ɓawo na cikin gona ana fasa shi da fartanya. Mai rai na gefen gona kuwa barinsa ake yi.

INA ZA A DUBA?

Gansakukar ƙasa tana son wuri mai haske, wanda ciyawa ba ta rufe ba, kuma ba a yawan takawa. Wannan iri da aka bayyana ya fi son ƙasa mai farar ƙasa a cikinta. Saboda haka wuraren da suka fi dacewa a duba su ne gindin tsohon gini na siminti, da gefen tsohon suri, da saurar da ta daɗe ba a nome ta ba, da bakin kwazazzabon da ya daina zaizaya.

Gindin manyan duwatsu irin na Kufena shi ma wurin dubawa ne. Masana da suka yi nazarin irin waɗannan duwatsu a Afirka ta Yamma sun gano cewa baƙin da ke jikinsu yawanci ƙananan halittu ne masu rai, dangin waɗannan da ake magana a kansu.

A tsakiyar kasuwar Sabon Gari ko tashar mota, inda dubban ƙafafu da tayoyi suke bi kullum, ɓawo ba ya samun damar kafuwa. Sai dai a nemi lungun da aka manta da shi, kamar gefen titin jirgin ƙasa ko bayan tsohuwar katanga. Hayaƙi ma yana cutar da wannan gida. Tun a 1866 wani masani mai suna William Nylander ya lura a birnin Paris cewa ba sa son iskar gari mai hayaƙi. Har yau a ƙasashe da yawa ana duba jikin itatuwa don a san ko iskar wuri tana da kyau. Mai son gani da idonsa yana iya kwatanta itatuwan bakin tasha da na ƙauye.

Lokacin da ya fi kyau a nema shi ne da sassafe bayan an kwana ana ruwa. A lokacin ta kumbura, ido yana saurin kama ta.

AMFANINTA GA ƘASA

Amfani na farko shi ne riƙe ƙasa. Zaren funfunar yana shiga tsakanin ƙwayoyin ƙasa yana ɗaure su. Ƙwayoyin nan kore kuma suna fitar da wani yauƙi mai danƙo da yake manne su. Da haka iskar hunturu ba ta kwashe ƙasar da sauƙi, ɗigon ruwa ma ba ya farfasa ta. A yammacin Jamhuriyar Nijar, wani masanin ƙasa mai suna Oumarou Malam Issa da abokan aikinsa sun yi nazarin ɓawo mai rai. A 1999 da 2001 suka wallafa abin da suka gano. Sun nuna cewa ƙananan halittun da ke cikin ɓawon suna ɗaure rairayi, suna ƙara masa ƙarfi, suna kuma ƙara masa taki.

Amfani na biyu shi ne takin nan. Kowane manomi ya san idan masara ta rasa taki ganyenta yakan yi rawaya. Abin da ta rasa shi ne sinadarin naitirojin. Shi ne babban abin da ke cikin takin yuriya, kashi 46 cikin 100. Iskar da ake shaƙa tana cike da shi, kashi 78 cikin 100, amma masara da dawa ba sa iya ɗaukarsa daga iska. Wake da gyaɗa suna samunsa ta hanyar ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsu, shi ya sa gonar da aka yi wake take yin kyau a shekara mai zuwa. Ƙwayoyin da ke cikin gansakukar ƙasa su ma suna kama shi daga iska. Idan ruwa ya sauka, wani kaso yana zuba cikin ƙasa, ciyawa da itatuwa su amfana.

Kada a ɗauka wannan zai maye gurbin takin gargajiya ko na zamani. Abin da take bayarwa kaɗan kaɗan ne. Amma a saurar da aka bari ta huta, da makiyaya, inda babu mai zuba taki, wannan kaɗan ɗin yana taruwa shekara bayan shekara.

Amfani na uku, ɓawon yana kama ƙurar da hunturu yake kawowa, yana kuma tare ƙananan irin ciyawa. A wurin da ya zama fako, sau da yawa waɗannan ƙananan halittu ne suke fara zama kafin ciyawa ta dawo. Wani lissafi da masana suka fitar a 2018 ya nuna ɓawo mai rai ya rufe kusan kashi 12 cikin 100 na doron ƙasar duniya.

YADDA AKE TABBATAR DA SUNA

Ido yana kai mutum ga gida ne kawai. Baƙaƙen gansakukar ƙasa suna da dangi da yawa masu kama da juna, kamar yadda irin dawa yake da yawa. Tabbatar da ainihin suna sai an haɗa da na'ura. Ga yadda ake yi.

A sa wuƙa a yanko ɗan guntu tare da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Kada a kwashe duka, a bar saura ya ci gaba da rayuwa. A shanya shi a inuwa. Idan ya bushe a naɗe shi a takarda. Kada a sa a leda, domin zai yi gumi ya ruɓe. A jikin takardar a rubuta sunan ƙauye, da kwanan wata, da irin ƙasar, ko jigawa ce ko laka ko burji, da ko wurin rana ne ko inuwa, da sunan wanda ya ɗauko. Samfurin da ba shi da wannan rubutu ba shi da amfani ga masana. Mai waya yana iya ɗaukar hoto biyu, ɗaya a bushe, ɗaya a jiƙe, da sandar ashana a gefe don a ga girma.

Masani zai yanka ɗan siririn yanki ya duba da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa. A ciki zai ga ƙwayoyin nan kore a jere kamar carbi, zaren funfuna yana ratsa tsakaninsu. Zai yanka faifan ya duba irin, wanda yake zaune takwas takwas a cikin 'yan jakunkuna. Zai auna tsawon kowanne, ya ƙirga ɗakunan da ke cikinsa. Daga nan sai ya kwatanta da abin da ke littafi da samfuran da aka adana a baya. Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tana da ɗakin ajiyar busassun tsirrai inda ake irin wannan kwatance. Malamin gona yana iya nuna wa mutum hanyar zuwa.

ABIN DA KE KASHE TA

Gansakukar ƙasa tana jure rana da fari, amma ba ta jure taku. Da rani, lokacin da take a bushe, kofaton shanu ko tayar babur yana murƙushe ta ta zama gari. Gobarar daji tana ƙona ta. Masu ɗibar ƙasar gini suna kwashe ta gaba ɗaya. Girmanta kuma a hankali yake. Abin da aka lalata a yini ɗaya yakan ɗauki shekaru kafin ya dawo, a wurare masu fari ma har shekaru gommai. Shi ya sa a wasu gandun daji na jihar Yuta a Amurka ake kafa alluna ana gargaɗin baƙi kada su taka ɓawon ƙasa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A daina sa wa daji da saura wuta don farautar gafiya ko neman sabuwar ciyawa.

A bi da dabbobi ta burtali, kada a bar su su tattake bakin kwazazzabo da gangaren da ƙasa take zaizaya.

A bar ɗan fili a iyakar gona da bakin rafi, irin su Kubanni, ba tare da an kafta shi ba.

Idan za a ɗebi ƙasar gini, a ɗiba a wuri ɗaya, kada a bi fili ana kankare samansa.

A cikin gona kuwa, inda garma take bi kowace shekara, gansakuka ba za ta zauna ba. A nan sai a rufe ƙasa da karan dawa da ganye, a zuba takin gargajiya, a riƙa juya shuka da wake ko gyaɗa.

Ƙasar sama ita ce jarin manomi, kuma idan ruwa ya tafi da ita ba a sayo ta a kasuwa. Duk wanda ya ga baƙin ɓawo a gefen gonarsa, kafin ya sa fartanya, ya ɗiga masa ruwa daga gorarsa ya jira kaɗan. Idan ya kumbura ya yi kore, ya bar shi a wurinsa, ya kuma kira yaransa ya nuna musu.